Ƙurajen Hafis ga Mai Juna Biyu: Renon Ciki da Shirin Haihuwa

Hafis, wadda likita ke rubuta sunanta herpes a katin awo, cuta ce da ƙwayar bairas ke kawowa, tana fitowa a matsayin ƙananan ƙuraje masu ruwa a al'aura ko a gefen leɓe. Ƙwayar iri biyu ce. Ta farko, HSV-1, ita ce mai kawo ƙurajen nan da ke fesowa a bakin mutum bayan ya sha fama da zazzaɓi, kuma yawancin mutane tun suna yara suke ɗaukarta. Ta biyu, HSV-2, ta hanyar saduwa take yaɗuwa, mazauninta kuma al'aura ne da kewayenta. Sai dai rabon bai zama ƙa'ida ba, domin ta baki tana iya sauka ƙasa idan baki ya taɓa al'aura. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan miliyan 520 masu shekara 15 zuwa 49 ne ke ɗauke da HSV-2, wato kimanin kashi 13 cikin ɗari na masu waɗannan shekarun. Nahiyar Afirka ce ta fi yawan masu ita, kuma ta fi kama mata a kan maza.

Abin da ya bambanta hafis da tunjere ko ciwon sanyi shi ne ba ta barin jiki. Idan ta shiga ta fatar al'aura, sai ta bi jijiya ta je ta kwanta a wani ƙulli na jijiyoyi kusa da ƙarshen ƙashin baya. Can take zama shiru, wata da watanni, wani lokaci shekaru, sai gajiya ko rashin lafiya ko damuwa ta tashe ta, ta sake biyo jijiyar ta fito a fata. Fitowar farko ita ce mai wahala. Tana zuwa kwana biyu zuwa goma sha biyu bayan ɗauka, da zazzaɓi da ciwon jiki da ƙaluluwa a matse-matsi. Ƙurajen kan taru wuri guda kamar an yayyafa raɓa a kan jar fata, bayan kwana ɗaya ko biyu su fashe su bar ƙananan gyambuna marasa zurfi, masu raɗaɗi in fitsari ya taɓa su. Sukan ɗauki mako biyu zuwa uku kafin su warke. Dawowar da take yi daga baya ta fi sauƙi: ƙuraje kaɗan, a wuri ɗaya, su bushe cikin mako guda ko kwana goma. Mata da yawa sukan ji alamar zuwanta tun kafin a ga komai, wato ƙaiƙayi ko zugi ko wani tsikari a wurin, ko ciwo mai sauka ta cinya. Mai ciki ta riƙe wannan alamar da kyau, domin za a tambaye ta a kanta ranar naƙuda.

Yawancin masu ɗauke da ƙwayar ba su san suna da ita ba, kuma tana iya fita daga fata ta kama wani ko da babu ƙurji ko ɗaya. Wannan gaskiyar tana da nauyi a zaman aure. Fitowar ƙurji a jikin amarya ko a jikin maigida ba hujja ba ce ta cewa wani ya ci amanar wani jiya ko shekaranjiya. Mai yiwuwa ƙwayar ta zo ne daga auren da ya gabata, ko daga ƙurjin baki da aka ɗauka tun ƙuruciya. Gwajin da aka saba yi kafin ɗaurin aure, na ƙanjamau da ciwon hanta da sikila, bai haɗa da hafis ba. Aure da yawa ya girgiza a kan zargin da ilimin likitanci bai goyi bayansa ba, kuma tsoron wannan zargin ne ke sa yarinya ta kama bakinta a daidai lokacin da magana za ta ceci ɗanta. Hafis ba ta hana haihuwa, ba ta hana ɗaukar ciki, kuma mafi yawan matan da ke da ita lafiya lau suke sauka, su da jariransu.

Damuwar likitoci ba a kan uwar take ba, a kan jaririn take. Jariri sabon haihuwa garkuwar jikinsa ba ta yi ƙwari ba, ƙwayar da ke ba babba ƙurji kawai tana iya shiga ƙwaƙwalwarsa ko hantarsa. Abin ba ya yawan faruwa. Ƙiyasin duniya ya nuna kimanin jarirai 10 cikin kowace haihuwa 100,000. Amma idan ya faru yana da muni. Kusan kashi 85 cikin ɗari na jariran da suka kamu, a hanyar fitowa suke ɗauka, lokacin da jikinsu ke gogar bakin mahaifa da farji. Kimanin kashi 10 bayan haihuwa suke ɗauka daga bakin wani ko hannunsa, sauran kashi 5 kuma tun suna ciki.

A nan ne ake samun abin da ya fi komai muhimmanci a wannan batu, wato bambanci tsakanin tsohuwar cuta da sabuwa. Matar da ta daɗe da hafis kafin ta ɗauki ciki, jikinta ya riga ya ƙera sinadaran kariya a cikin jini. Waɗannan sinadaran suna ratsa mabiyiya su shiga jinin ɗan tayi, musamman a watannin ƙarshe, sai ya fito duniya da garkuwar aro daga uwarsa. Ga irin wannan matar, haɗarin jariri ya kamu bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba, kuma ko da ƙurjin ya dawo ranar haihuwa, ƙiyasin bai wuce kashi uku ba. Matar da ta ɗauki cutar karon farko dab da haihuwa kuwa, labarinta daban ne. Jikinta bai samu lokacin ƙera kariyar ba, domin wannan aikin yana cin makonni shida zuwa goma sha biyu, ga shi kuma ƙwayar tana zuba da yawa daga bakin mahaifa. A wannan halin, haɗarin yana kaiwa kashi 30 zuwa 50 cikin ɗari. Shi ya sa mafi yawan jariran da ake kwantarwa da hafis, uwayensu ba su taɓa sanin suna da ita ba. Wadda ta san ciwonta ta kuma faɗa, ita ce ta fi kowa zama cikin aminci. Wadda ke cikin haɗari ita ce mai cikin da ba ta da cutar, amma mijinta yana da ita.

Saboda haka rabin wannan nasiha ta samari ce da angwaye. Namijin da ya san yana samun ƙuraje a gabansa, ko a leɓensa, kuma matarsa tana da ciki, nauyi ne a kansa ya faɗa mata ya kuma faɗa wa likita. Daga mako na 28, wato shigar wata na bakwai, shawarar likitoci ita ce a ƙaurace wa saduwa har a haihu idan shi yana da cutar ita ba ta da ita, haka nan a bar kai baki ga al'aura idan yana da ta leɓe. Kwaroron roba yana rage haɗari amma ba ya kawar da shi, tunda ba ya rufe dukkan fatar da ƙwayar ke fita ta cikinta. Haƙurin wata uku ba abu ne mai yawa ba idan aka auna shi da ƙwaƙwalwar yaro. A gidan da ke da mace fiye da ɗaya, maganar ta shafi kowa, domin abin da ya fito a ɗaki guda yana iya isa ɗakin mai ciki ta hanyar maigida, ba tare da laifin ko ɗaya daga cikin matan ba.

Shirin haihuwa yana farawa ne daga ranar awon farko. Kunyar cikin fari al'ada ce mai tushe, yarinya takan ɓoye cikin ma kansa har sai ya fito, balle ta buɗe baki ta ce akwai ƙurji a gabanta. Sau da yawa abin da take iya furtawa bai wuce "sanyi ke damuna" ba, kalmar da ke ɗauke da ƙaiƙayi da fitar ruwa da ciwon mara da komai da komai. Ma'aikaciyar da ke da layin mata hamsin a gabanta za ta rubuta maganin sanyi ta kira ta gaba. Abin da ya dace mai ciki ta faɗa a fili shi ne: ƙuraje masu ruwa ne, suna fashewa, suna warkewa, suna dawowa wuri ɗaya, ga lokacin da suka fara, ga lokacin da suka zo na ƙarshe, maigida ma yana samu ko ba ya samu. In ƙurjin yana nan, a je a nuna shi tun yana ɗanye, kada a jira ya bushe. A manyan asibitoci ana dangwalar ruwansa da auduga a kai ɗakin gwaji a gane ƙwayar da irinta, akwai kuma gwajin jini da ke taimakawa wajen sanin ko cutar tsohuwa ce ko sabuwa. Inda babu waɗannan, ido da tarihin ciwon ne abin dogaro. Duk mai gyambo a al'aura kuma a yi mata gwajin tunjere da na ƙanjamau, domin tunjere tana kama da ita a ido kuma tana kashe ɗan tayi, ita kuma HSV-2 tana ninka haɗarin ɗaukar ƙanjamau kusan sau uku.

Maganin da aka fi sani shi ne acyclovir, sai ɗan'uwansa valacyclovir. Ba sa kashe ƙwayar da ke kwance a jijiya, amma suna hana ta hayayyafa idan ta taso, sai ciwon ya gajarta, zafin ya ragu. Mai ciki tana da gaskiya idan ta ji tsoron haɗiyar ƙwaya, amma wannan maganin an daɗe ana bibiyarsa. An buɗe rajistar matan da suka sha shi da ciki daga 1984 zuwa 1999, sannan wani babban bincike da aka yi a ƙasar Denmak, aka wallafa a 2010, ya duba haihuwa sama da 800,000, bai ga ƙarin nakasa ba a jariran da uwayensu suka sha shi a watanni ukun farko. A fitowar farko likita kan rubuta miligiram 400 sau uku a rana na kwana biyar zuwa goma. Idan ciwon ya yi tsanani, fitsari ya ƙi fita, ko zazzaɓi ya yi zafi, ko ido ya yi ɗorawa, to kwanciya ce a asibiti da magani ta jijiya. Ƙananan dawowa a tsakiyar ciki sau da yawa ba sa buƙatar komai sai kula.

Kulawar gida ba ta da wuya. A wanke wurin da ruwan ɗumi mai ɗan gishiri kaɗan, a tsane shi da tsumma mai tsabta ba tare da gogawa ba, a sa kamfai na auduga mai sakewa. In fitsari yana ƙuna, a riƙa zuba ruwa da buta a wurin lokacin yin sa, kuma kada a rage shan ruwa don gudun fitsarin. Farasitamol ya wadatar don zafi. Ibuprofen da diclofenac ba na mai tsohon ciki ba ne. Kafso da allurar kemis da ake sha don sanyi ba sa taɓa bairas ko kaɗan, kuɗi ne kawai ke tafiya. Abin da ya fi cutarwa shi ne matsi da turare da shafa kanwa ko alif ko man zafi a kan gyambo ɗanye. Suna ƙona fatar, su faɗaɗa ciwon, su buɗe ƙofa ga wasu ƙwayoyin.

Idan ciki ya kai mako 36, wato an shiga watan haihuwa, ana ba duk wadda ta samu fitowar hafis maganin kariya na kullum har ranar da za ta sauka: acyclovir miligiram 400 sau uku a rana, ko valacyclovir miligiram 500 sau biyu a rana. Ana farawa da wuri fiye da haka ga mai ɗauke da ƙanjamau ko wadda ake tsoron za ta haifi bakwaini. Amfaninsa shi ne rage yiwuwar ƙurji ya fito ranar naƙuda, da rage zubar ƙwayar a ɓoye, da rage yawan tiyatar da za a yi saboda hafis. Ba ya mayar da haɗarin sifili, don haka ba ya maye gurbin dubawar da za a yi ranar haihuwa. Wadda za ta tafi goyon ciki gidan iyayenta ta tafi da katinta da maganinta, ta kuma je ta gabatar da kanta a asibitin garin tun kafin ciwo ya kama, ta maimaita musu bayanin da bakinta.

Haihuwar mai hafis a asibiti ya kamata ta kasance. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 39 cikin ɗari ne kawai na haihuwa a Najeriya ake yi a asibiti, a Arewa maso Yamma kuma adadin ya yi ƙasa da haka sosai. Ungozomar gida, komai ƙwarewar hannunta, ba ta da fitila da ƙarfen duba bakin mahaifa, ba ta da ɗakin tiyata a bayanta. Da zarar naƙuda ta fara ko faya ta fashe, a kama hanya, domin bayan fashewar faya ƙwayar tana iya hawa sama ta iske jariri, kuma kowace awa tana da daraja. A ɗakin haihuwa ma'aikaciya za ta haska ta duba leɓatun farji da cikinsa da bakin mahaifa, ta tambaya ko akwai zugi ko tsikarin nan. In babu ƙurji kuma babu alama, mai tsohuwar hafis za ta haihu da kanta kamar kowa. Ƙurjin da ke nesa da hanya, a mazaunai ko cinya, rufe shi ake yi da filasta a ci gaba. Ana dai ƙoƙarin kauce wa fasa faya da hannu ba dole, da jawo jariri da ƙarfe ko na'urar zuƙo, da duk abin da zai ƙwarzane masa fatar kai.

Wadda cutar ta kama karon farko a watanni ukun ƙarshe, musamman cikin makonni shida kafin haihuwa, shawarar da aka haɗu a kanta ita ce a yi mata aiki a ciro jaririn. Inda likitocin duniya suka rabu shi ne a kan tsohuwar hafis da ta dawo ranar naƙuda. A Amurka ana yin tiyata idan an ga ƙurji ko an ji alamarsa. A Ingila kuwa ana bayyana wa matar cewa haɗarin kaɗan ne, a ba ta damar haihuwa da kanta in ta zaɓa. Duka ɓangarorin suna da hujja, kuma a inda tiyata ke nufin neman jini da kuɗi masu yawa da tabo a mahaifar yarinyar da ke da sauran haihuwa a gabanta, wannan zaɓin yana da nauyi na gaske. Ba hukunci ne da za a yanke a bakin ƙofar ɗakin tiyata da tsakar dare ba. A zauna da likita tun a wata na takwas, da miji a wurin, a san abin da za a yi in ƙurji ya fito da abin da za a yi in bai fito ba, a tanadi kuɗi da mota da wanda zai ba da jini. A kuma sanar da wanda sa hannunsa ko izininsa ake jira, domin sau da yawa jinkirin ba daga hanya yake zuwa ba, daga jiran amincewar wani yake zuwa. Tiyata ba gazawar mace ba ce, kuma ga wadda ta ɗauki cutar dab da haihuwa, ita ce babbar kariyar da ɗanta yake da ita.

Bayan an sauka, shayarwa tana nan daram, ko da uwa tana shan maganin, sai fa idan ƙurji ya fito a kan nono. A wannan halin a shayar da ɗaya nonon, a tatse mai ciwon a zubar har ya warke. Uwa ta wanke hannu da sabulu kafin ta ɗauki jariri. Sauran kashi goman nan na bayan haihuwa kuwa, yana iya zuwa daga 'yan barka. Daga ranar haihuwa zuwa ranar suna jariri yana yawo daga hannu zuwa hannu, wannan ta sumbace shi a goshi, waccan ta sa masa yatsa a baki, wani dattijo ya tauna dabino ya ɗanɗana masa, wani ya yi masa addu'a ya tofa. Duk ƙauna ce da neman albarka. Amma duk wanda ke da ƙurji a leɓe, ko a yatsa, ya yi addu'arsa daga nesa, ya bar wa wani mai lafiyar baki taunar dabinon. Mai jego ba za ta iya faɗa wa surukarta haka ba. Aikin miji ne ko kakar jariri su faɗa cikin ladabi. Tsaga da cire beli su ma suna buɗe fata da maƙogwaron jariri ga ƙwayoyin cuta, hafis da waninta.

Ciwon yakan bayyana a jariri tsakanin mako na farko da na huɗu, wani lokaci har zuwa na shida, kuma siffa uku yake ɗauka. Akwai wanda ke tsayawa a fata da ido da baki, da ƙuraje masu ruwa, sau da yawa a fatar kai ko inda ya fara fitowa da shi. Akwai wanda ke kama ƙwaƙwalwa, yakan zo a mako na biyu zuwa na uku. Akwai kuma wanda ke bazuwa cikin hanta da huhu da jini, wanda in ba a yi magani ba yake kashe kusan kashi 85 cikin ɗari. Jarirai da yawa masu nau'i biyun ƙarshe ba sa fitar da ƙurji ko ɗaya, don haka ba a jiran ganin ƙurji. Jaririn da ya ƙi kama nono, ko ya yi laƙwas yana ta barci ba ya farkawa, ko jikinsa ya yi zafi ko ya yi sanyi ƙalau, ko yana numfashi da sauri, ko yana jijjiga, ko idonsa ya yi ja yana ruwa, a kai shi asibiti a wannan sa'ar, ko da ba a yi suna ba, ko da mai jego ba ta yi arba'in ba. A gaya wa likitan yara kai tsaye cewa uwa ko uba ko wani da ya ɗauke shi yana da hafis, domin alamun suna kama da na sauran cututtukan jarirai, kuma wannan kalmar ce za ta sa a fara maganin da ya dace ba tare da jiran sakamakon gwaji ba. Maganin acyclovir ne ta jijiya, sau uku a rana, kwana 14 ga na fata, kwana 21 ga na ƙwaƙwalwa da wanda ya bazu, sannan a ci gaba da na sha har wata shida tare da komawa asibiti a duba girma da ji da ganin yaron.